Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Gwamnatin Birni a Amurka Take Sarrafa Kuɗin Tallafin Farfaɗo da Tattalin Arziki

Wane tallafi ake magana a kai, kuma yaushe aka ba da shi?

Maganar ta fi shafar dokar farfaɗo da Amurka daga annobar korona da shugaba Joe Biden ya sa wa hannu ranar 11 ga Maris, 2021, wadda aka fi sani da gajeren sunanta, ARPA. Jimillar kuɗin da dokar ta tanada ya kai dala tiriliyan 1.9, kuma daga ciki aka ware dala biliyan 350 domin gwamnatocin jihohi da na ƙasa da su. Jihohi da babban birnin tarayya sun samu dala biliyan 195.3, gundumomi sun samu biliyan 65.1, manyan birane sun samu biliyan 45.6, ƙananan garuruwa biliyan 19.5, sauran kuma ya tafi ga gwamnatocin ƙabilun asali na ƙasar da yankunan da Amurka take mulka a ƙetare. Ma'aikatar Baitulmali ta Amurka ce aka damƙa wa rabon kuɗin da tsara ƙa'idojinsa da karɓar rahoto a kansa.

Ba shi ne tallafi na farko ba. A watan Fabrairun 2009 shugaba Barack Obama ya sa hannu kan dokar farfaɗowa ta dala biliyan 787 bayan durƙushewar bankuna da kasuwar gidaje, sannan a watan Maris na 2020 shugaba Donald Trump ya sa hannu kan wata dokar tallafi mai suna CARES a farkon annobar korona. Abin da ya bambanta na 2021 shi ne cewa kusan kowace gwamnatin gari, babba da ƙarama, ta samu rabonta da sunanta, kuma an bar mata sarari mai yawa ta zaɓi abin da za ta yi da shi. Za a riƙa kawo misali da birnin Detroit na jihar Mishigan a cikin waɗannan amsoshi, domin rabonsa babba ne idan aka gwada da kasafinsa, kuma tarihinsa ya tilasta masa yin takatsantsan.

Me ya sa gwamnatin tarayya za ta ba birni kuɗi tun farko?

Dalilin yana cikin yadda doka ta ɗaure kasafin kuɗin birane. Gwamnatin tarayya tana iya cin bashi ta cike giɓi duk lokacin da ta ga dama, amma kusan duk jihohi da birane wajibi ne a kansu su daidaita kuɗin shiga da na kashewa a kowace shekara. Idan tattalin arziki ya karye, harajin da birni yake tarawa yana raguwa a daidai lokacin da jama'a suka fi bukatar hidimarsa, kuma abin da ya rage wa magajin gari shi ne ya sallami ma'aikata, ya dakatar da gyaran hanyoyi, ya rage kwanakin kwashe shara. Kowane ma'aikacin da aka sallama kuwa mai saye ne da ya ragu a kasuwa, don haka matsin yake ƙara yaɗuwa.

An ga haka bayan 2008, lokacin da gwamnatocin jihohi da na garuruwa suka shafe shekaru suna rage ma'aikata alhali sauran sassan tattalin arziki sun fara miƙewa. A 2020 ma waɗannan gwamnatoci sun rasa guraben aiki sama da miliyan 1 cikin 'yan watanni. Waɗanda suka tsara dokar 2021 sun faɗa a fili cewa ba sa son a maimaita abin da ya faru a baya. Detroit tana dogara sosai da harajin albashi da harajin gidajen caca guda uku da ke cikinta, kuma da aka yi kulle aka rufe gidajen cacar, ma'aikata da yawa suka koma aiki daga gidajensu a bayan gari, sai hanyoyin biyu suka tsuke lokaci guda.

Ta yaya aka san nawa kowane birni zai samu?

Ba takardar roƙo ake rubutawa ba, kuma ba gasa ake shiga ba. Lissafi ne da doka ta gindaya. Ga manyan birane an ari ma'aunin wani tsohon shiri na raya unguwanni da ma'aikatar gidaje ta tarayya take gudanarwa tun 1974, wanda yake duba yawan jama'a, da yawan matalauta, da cunkoso a gidaje, da yawan gidajen da aka gina kafin 1940, da kuma yadda birni ya koma baya wajen ƙaruwar jama'a. Wannan ma'auni yana fifita tsofaffin biranen masana'antu da mutane suka ƙaurace wa. Detroit, wadda jama'arta suka kai kusan miliyan 1.85 a 1950 amma ƙidayar 2020 ta same su 639,111, ta samu kimanin dala miliyan 826, a lokacin da babban asusun da take gudanar da ayyukan yau da kullum da shi yake wajen dala biliyan 1 a shekara. Shikago ta samu kusan dala biliyan 1.9, Filadelfiya kuma kimanin biliyan 1.4.

Gundumomi da ƙananan garuruwa an raba musu ne galibi bisa yawan jama'a.

Kuɗin yana bi ta hannun gwamnan jiha ne?

Ga manyan birane, a'a. Baitulmali ta tura shi kai tsaye cikin asusun birni, kashi biyu: rabi daga watan Mayun 2021, rabi bayan shekara guda. Abin da aka nema daga birnin shi ne ya yi rajista a tsarin gwamnatin tarayya na masu karɓar kuɗinta, ya ba da lambar asusunsa, sannan wani jami'i mai iko ya sa hannu kan yarjejeniyar bin ƙa'idoji. Ƙananan garuruwa, waɗanda galibinsu jama'arsu ba su kai 50,000 ba, nasu ya bi ta hannun jiha, sai dai jihar 'yar aike ce kawai: doka ta ba ta wa'adin miƙawa, kuma ba ta da ikon ƙara sharaɗi nata ko ta riƙe wani abu.

An yi wannan tsari ne saboda ƙorafin da ya biyo bayan dokar CARES. A ƙarƙashinta, daga cikin dala biliyan 150 da aka ware, garuruwa da gundumomin da jama'arsu suka haura 500,000 ne kaɗai suka karɓa kai tsaye, saura kuwa sai abin da gwamna ya ga dama ya sakar musu, kuma wasu sun daɗe suna jira. Mai karatu daga Najeriya zai gane wannan muhawara, domin ita ce ta asusun haɗin gwiwa tsakanin jihohi da ƙananan hukumomi 774, wadda Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kanta a watan Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye. Sai dai biya kai tsaye a Amurka ya zo ne tare da nauyin rahoto da bincike wanda ya hau kan birnin shi kaɗai, babu wanda zai laɓe a bayansa.

Idan kuɗin ya shiga asusu, wa ke da ikon cewa ga abin da za a yi da shi?

Shigar kuɗi asusu ba ta ba kowa izinin taɓa shi. A birni irin Detroit, magajin gari ne yake tsara shawara ya miƙa wa majalisar birni, wadda take da kansiloli tara, kuma sai majalisar ta amince da kasafin kafin a fitar da ko dala ɗaya. Magajin garin na lokacin, Mike Duggan, ya yi tarurrukan jin ra'ayin jama'a a unguwanni a watannin Mayu da Yuni na 2021, kuma a ƙarshen Yuni majalisa ta amince da raba kuɗin zuwa manyan rukunoni 15, ciki har da gidaje, da koyon sana'a, da rushe kangaye, da wuraren shaƙatawa, da tsaron unguwanni. Bayan haka ma kowace babbar kwangila sai ta sake komawa gaban majalisa.

A garuruwa da dama, musamman matsakaita, tsarin ya ɗan bambanta: majalisa takan ɗauki ƙwararren manajan gari aiki, shi ne yake tsara kasafi, magajin gari kuma ɗaya ne daga cikin 'yan majalisar. Ko ta wane tsari aka bi, aikin yau da kullum yana komawa ne ofishin kuɗi, inda ake buɗe wa tallafin asusu na daban a littafin lissafi domin kada ya cakuɗe da harajin gari, a ba kowane aiki lambarsa, a kuma tabbatar lauyan gari ya duba cewa aikin ya halatta kafin a fara.

Tarurrukan jin ra'ayi sun sha suka a wurare da yawa, Detroit ma ba ta tsira ba, inda wasu mazauna suka ce an kira su ne bayan an riga an gama tsara komai. Sukar tana da tushe. Mai aikin dare da uwa mai goyo ba su cika samun damar halartar taron yamma ba, kuma su ne annobar ta fi yi wa illa.

A kan me aka halatta kashe kuɗin?

Doka ta ambaci fannoni huɗu. Na farko shi ne magance matsalar lafiya da ta tattalin arziki da annobar ta haifar, wato rigakafi, da tallafin haya da abinci, da agaza wa ƙananan 'yan kasuwa, da mayar da ma'aikatan da aka sallama. Na biyu ƙarin albashi ne ga ma'aikatan da suka ci gaba da fita aiki a lokacin kulle, har dala 13 a kan kowace awa, amma kada na mutum ɗaya ya wuce dala 25,000. Na uku shi ne cike giɓin kuɗin shigar da gari ya rasa. Na huɗu kuma ayyukan ruwan sha, da magudanan ƙazanta, da intanet mai sauri. A ƙarshen 2022 majalisar dokokin tarayya ta ƙara wasu fannoni, ciki har da agajin bala'o'i da ayyukan hanyoyi, tare da iyakance yawan abin da za a karkata zuwa hanyoyin.

Fanni na farko shi ne mafi wahalar aiki, domin sai gari ya nuna cewa wanda ya taimaka wa annobar ta shafe shi, kuma taimakon ya dace da girman cutarwar. Baitulmali ta sauƙaƙa da cewa gidan da kuɗin shigarsa bai wuce wani ma'auni ba, ko wanda yake zaune a unguwar da ƙidaya ta nuna talaucinta ya kai kashi 25 cikin 100, za a ɗauka ya cancanta ba tare da doguwar hujja ba. Duk ginin da zai ci dala miliyan 1 ko fiye a ƙarƙashin wannan fanni kuwa, sai an rubuta dalilin da ya sa aka zaɓe shi a kan wasu hanyoyin.

Me ake nufi da cike giɓin kuɗin shiga, kuma me ya sa birane suka fi karkata gare shi?

Wannan ita ce ƙofar da kaso mai yawa na kuɗin ya bi. Gari zai ɗauki kuɗin shigarsa na shekarar kasafi ta ƙarshe kafin annoba, ya ƙaddara cewa da komai ya tafi daidai da ya riƙa ƙaruwa da kashi 5.2 cikin 100 a shekara, ko kuma da gwargwadon ƙaruwarsa ta shekaru uku da suka gabata idan ta fi haka, sannan ya gwada da abin da ya tara a zahiri. Bambancin shi ne asararsa, kuma yana iya kashe daidai wannan adadi a kan kusan kowace hidimar gwamnati: albashin 'yan sanda da 'yan kwana-kwana, gyaran titi, motar shara, fitilun kan hanya. A ƙa'idojin ƙarshe da aka fitar a watan Janairun 2022, Baitulmali ta ce kowace gwamnati tana iya ɗaukar dala miliyan 10 a matsayin asara ba tare da ta yi lissafin ba. Ga dubban ƙananan garuruwa, wannan ya shafi rabonsu gaba ɗaya.

Filadelfiya ta sa kuɗinta a wannan fanni ta riƙa cike kasafinta da shi shekara bayan shekara, Shikago ma ta sa mafi yawan nata. Akwai masu ganin hakan ragwanci ne, kamar dai an ba gari damar yin abin tarihi ya ɓuge da biyan albashi. Wannan hukunci bai yi adalci ba, domin hana sallamar ma'aikata yana cikin ainihin manufar dokar, kuma ɗakin karatun da bai rufe ba da motar asibitin da ta zo a kan lokaci amfani ne na gaske ko da babu wanda ya yanka kirtani a kansu. Inda matsalar take shi ne bin sawu. Da zarar kuɗi ya shiga babban asusu da sunan cike giɓi, yana 'yanta wani kuɗin da za a iya kashewa a ko'ina, kuma mazaunin gari ba ya iya nuna abin da tallafin ya saya. Garin da ya mutunta jama'arsa zai bayyana duka biyun, inda tallafin ya shiga da inda kuɗin da ya 'yanta ya tafi, ko da doka ba ta tilasta masa ba.

Me aka haramta?

An haramta zuba kuɗin a asusun fansho domin rage tsohon bashi, da biyan bashin da gari ya ci a baya ko ruwansa, da cika asusun ajiyar ko-ta-kwana, da biyan diyyar shari'a. Jihohi kuma an hana su amfani da shi wajen rage haraji, abin da wasunsu suka kai ƙara kotu a kansa. Manufar ita ce kuɗin ya fita ya yi aiki a cikin al'umma maimakon ya kwanta.

Haramcin fansho ya taɓa Detroit a wuri mai ciwo. A watan Yulin 2013 birnin ya bayyana fatara da bashin da aka ƙiyasta kusan dala biliyan 18, mafi girma da wani birnin Amurka ya taɓa yi, kuma da ya fita daga gaban kotu a watan Disambar 2014 an rage wa tsofaffin ma'aikata haƙƙoƙinsu, aka kuma ɗage wa birnin manyan biyan fansho na kusan shekaru goma. Lokacin dawowar biyan yana ƙaratowa sai ga wannan kuɗi, amma doka ta rufe wannan hanya, don haka birnin ya ci gaba da dogara da asusun musamman da ya kafa tun 2017 yana tara kuɗin kansa a ciki.

A aikace, me Detroit ta yi da rabonta?

Ɗaya daga cikin shirye-shiryen da suka fi taɓa mutane shi ne Renew Detroit, wanda aka fara da dala miliyan 30 domin gyaran gidajen tsofaffi da masu nakasa marasa ƙarfi, kuma aka soma da sabon rufi. Wanda ya san tsofaffin gidajen birnin zai fahimci dalilin farawa daga sama. Rufin da yake yoyo a ƙasar da dusar ƙanƙara take narkewa a kansa duk shekara yakan jiƙa silin, katakon da ke riƙe da shi ya ruɓe, bango ya yi funfuna, ruwa ya kai ga wayoyin lantarki, har mai gida ta koma kwana a ɗaki ɗaya tana jera bokitai a sauran. Kamfanin inshora ba ya karɓar irin wannan gida, banki ba ya ba da rance a kansa, kuma idan mai shi ta rasu ko ta tashi, yakan zama kango na gaba a layin. Sabon rufi yana tsayar da wannan duka, kuma da zarar an biya ɗan kwangila babu wani nauyi da ya rage a kan kasafin baɗi.

An kuma kafa shirin da ake ɗaukar marasa aiki su yi wa gari aikin share unguwanni na wasu kwanaki a mako, sauran kwanakin su zauna aji su kammala karatun sakandare ko su koyi sana'a, ana biyansu a duka. An ba masu haya da ke son sayen gidansu na farko tallafin kafin alƙalami har dala 25,000. An rushe manyan kangayen masana'antu, ciki har da sassan tsohuwar masana'antar motoci ta Packard. A 2023 an fara biyan ƙungiyoyin unguwanni shida domin su shiga tsakanin matasa su rage harbe-harbe, tare da ƙarin kuɗi ga ƙungiyar da yankinta ya nuna raguwa fiye da sauran gari. Shikago a nata ɓangaren ta gwada ba gidaje 5,000 dala 500 kowane wata na tsawon shekara guda.

Ta yaya ake ba da kwangila da wannan kuɗi?

Gari yana bin dokarsa ta sayayya, amma akwai ƙa'idojin bai-ɗaya na tarayya da suke hawa kan yawancin ayyukan: a tallata kwangila a fili, a bar masu nema su yi gasa, a rubuta dalilin zaɓen wanda aka zaɓa, a duba ko sunansa yana cikin jerin waɗanda gwamnatin tarayya ta haramta wa aiki, kuma jami'in da yake da wata alaƙa ta jini ko ta kasuwanci da mai nema ya janye hannunsa. Idan gari ya miƙa wa wata ƙungiyar sa-kai kuɗi domin ta gudanar da shiri a madadinsa, alhakin bai tashi daga kansa ba. Wajibi ne ya auna ƙarfinta kafin ya ba ta, ya riƙa duba littattafanta, kuma idan ta ɓarnatar, garin ne zai biya.

A nan ne ƙananan ƙungiyoyi suka sha wuya. Yawancin garuruwa suna biya ne bayan an yi aiki an kawo rasit, don haka ƙungiyar da take ciyar da mabukata a unguwa amma ba ta da ajiya ko akanta takan kasa jure watannin jira, sai manyan ƙungiyoyi masu lauyoyi su kwashe aikin. Wasu garuruwa sun gyara ta hanyar ba da wani kaso tun farko da kuma koya wa ƙungiyoyin tsarin ajiye takardu.

Wa yake bin diddigin kuɗin?

Birnin da jama'arsa suka haura 250,000, ko wanda rabonsa ya wuce dala miliyan 10, yana aika wa Baitulmali rahoto duk wata uku, aiki bayan aiki, da adadin da aka ɗaure da alƙawari na doka, kamar kwangila, da wanda aka kashe da sunayen manyan masu karɓa. Ƙananan garuruwa sau ɗaya suke aikawa a shekara. Manyan birane kuma suna wallafa wani rahoto na shekara a shafinsu na intanet wanda yake bayyana sakamakon ayyukan. Ban da wannan, duk gwamnatin da ta kashe dala 750,000 ko fiye na kuɗin tarayya a shekara sai odita mai zaman kansa ya bincike ta, kuma an ɗaga wannan ma'auni zuwa dala miliyan 1 daga ƙarshen 2024. Ofishin Sufeto Janar na Baitulmali yana da ikon buɗe bincike, kuma ana ajiye takardu har shekaru biyar bayan an gama kashe kuɗin.

Odita ba ya duba komai. Yakan zaɓi wasu biyan kuɗi ya ce a kawo masa fayil ɗinsu, kuma a fayil ɗin rufin gida ɗaya yana so ya ga takardar neman taimako, da shaidar mallakar gidan, da shaidar shekaru ko nakasa da kuɗin shiga, da kwangilar, da hoton rufin kafin aiki da bayansa, da sa hannun sufeton gini, da takardar biyan kuɗi. Idan ɗaya ta ɓace, ana iya cewa kuɗin bai halatta ba ko da rufin yana nan kowa yana ganinsa, kuma sai gari ya mayar daga aljihunsa.

An samu sata?

An samu. A garin West Haven na jihar Connecticut, wani ma'aikacin gari wanda kuma ɗan majalisar dokokin jiha ne ya amsa laifin sace sama da dala miliyan 1 na kuɗin korona na garin ta hanyar takardun biyan ayyukan da ba a yi ba, aka kuma ɗaure shi. Hanyar da ya bi tsohuwa ce: mutum ɗaya yana da hannu a shigar da takardar biya da kuma amincewa da ita. Shi ya sa ofisoshin kuɗi suke dagewa a kan cewa mai neman a biya, da mai amincewa, da mai fitar da kuɗin su zama mutane uku daban. Mafi girman zambar lokacin annoba dai ta faru ne a shirye-shiryen rancen 'yan kasuwa da alawus ɗin marasa aiki, waɗanda ba birane ne suka gudanar da su ba.

Akwai wa'adi?

Akwai guda biyu. An wajabta a ɗaure kuɗin da alƙawari na doka zuwa ranar 31 ga Disamba, 2024, a kuma gama kashe shi zuwa ranar 31 ga Disamba, 2026, abin da ya rage kuma ya koma Baitulmali. Amincewar majalisar birni kaɗai ba ta isa a ce an ɗaure kuɗi ba, sai an sa hannu kan kwangila, ko an ba da odar kaya, ko an ƙulla yarjejeniya da mai gudanar da shiri. Wannan ya sa garuruwa da yawa suka yi ta rige-rige a ƙarshen 2024, suna janye kuɗi daga ayyukan da suka maƙale suna mayar da shi inda za a iya sa hannu nan take. Jinkirin ma ya ci wani kaso, domin hauhawar farashi a Amurka ta kai kashi 9.1 cikin 100 a watan Yunin 2022, kuma aikin da aka ƙiyasta a 2021 ya zo da tsada fiye da yadda aka tsara. Abin da ya ɗan rage zafin shi ne an yarda gari ya ajiye kuɗin a asusu mai kawo riba ya kuma riƙe ribar.

Me zai faru da shirye-shiryen idan kuɗin ya ƙare?

Wannan ita ce tambayar da jami'an kuɗi suka fi maimaita wa 'yan siyasa tun ranar farko. Tallafin kamar rabon gado yake, sau ɗaya yake zuwa, kuma wanda ya ɗora wa kansa hidimar kowane wata a kansa zai wayi gari da hidimar babu kuɗin. Bututun ruwa da aka canza, da rufin da aka yi, da kangon da aka rushe sun gama cin kuɗinsu. Sabbin ma'aikata, da ƙarin albashi, da cibiyar da take bukatar masu gadi da wutar lantarki, kowace shekara sai sun dawo neman kasafi. Detroit, wadda ta ɗanɗani fatara, ta karkata mafi yawan kuɗinta zuwa ayyukan da suke da ƙarshe, kuma wannan zaɓi ne mai hikima.

Duk da haka ƙa'idar ba ta warware komai ba, domin wasu daga cikin shirye-shiryen da suka fi amfani irin masu dawowa ne. Mai shiga tsakanin matasa a unguwa albashi yake ci, lauyan da yake kare mai haya daga kora ma haka, kuma rufe irin wannan shiri bayan mutane sun saba da shi yana da tasa illar. Garin da ya yi tsari ya tattara alƙaluman sakamako tun farko, ya tantance shirye-shiryen da suka cancanci shiga kasafin dindindin, ya nemi jiha ko gidauniyoyi su ɗauki wani kaso, ya kuma sanar da ma'aikatan wucin gadi ranar da kwantiraginsu zai ƙare tun kafin ta zo. Sauran shirye-shiryen majalisar birni ce za ta yanke hukunci a kansu, ɗaya bayan ɗaya, a zaman kasafin kuɗin da ake yi a bainar jama'a kafin sabuwar shekarar kasafi, wadda a Detroit take farawa ranar 1 ga Yuli.